Tashar Kafanchan da rigimar faɗin dogo

A 1933 Sarkin Jama'a ya tashi fadarsa ya mayar da ita Kafanchan. Masarautar da aka kafa tun wajen 1810 a gindin duwatsun Daroro, mai hakimai da al'adunta, ita ce ta tattara komatsanta ta biyo tashar jirgin ƙasa da ba ta wuce shekara shida da buɗewa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sarki ya ga inda kasuwa ta koma, inda baƙi ke sauka, inda haraji zai fito, ya bi.

Kafin a shimfiɗa ƙarfe ko ɗaya akwai mutane a wurin. Ƙasar Fantswam ce, kuma daga sunansu ne bakin Bahaushe ya samo "Kafanchan". Kewaye da su akwai Bajju da Kaninkon da Kagoro, can gaba kuma Atyap da Ham da Gwong, kowa da gonarsa da dutsensa. Abin da reluwe ta kawo shi ne birni: kwatas, kasuwa, kantuna, da jama'ar da ba su haɗa yare da juna ba. Dalilin da ya sa ta kawo shi nan, ba wani wuri ba, yana can nesa da Kafanchan, a ramukan kwal na Inugu da na kuza a tsaunin Jos.

Turawan mulkin mallaka sun fara da layin yamma. Jirgi ya isa Ibadan daga Legas a 1901, layin Baro ya isa Kano a 1911, aka haɗa biyun a Minna a 1912. A daidai wannan lokaci kamfanonin kuza na Filato suna ta ƙorafi, domin a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako na yin kwanaki a hanya kafin su kai ta inda jirgi yake. Sai gwamnati ta yi musu ɗan siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka kammala a 1914. Don a rage kuɗi, an yi shi da faɗin ƙafa biyu da rabi, wato milimita 762 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, alhali babban layin ƙasar ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067. Ƙafa ɗaya ce tsakaninsu, amma wannan ƙafa ɗaya ta isa ta hana tarago hawa layin da ba nasa ba. Duk buhun kuzar da ya sauko daga Jos sai an sauke shi a Zariya an sake lodinsa a wani taragon. Duk injin haƙar ma'adinai da ya taso daga Legas sai an yi masa haka, idan ma ƙaramin jirgin zai iya ɗaukarsa. Leburori, jinkiri, fashewar kaya, sata, duk a kan kuɗin kowane tan suke hawa.

A kudu kuma an gano kwal a Udi, kusa da Inugu, a 1909. Saboda shi aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka ja layi zuwa Inugu, aka gama a 1916. Daga nan lissafin ya fito fili: idan aka miƙa wannan layi arewa, ya tsallake Binuwai ya haɗu da na yamma a Kaduna, kwal zai isa ga kawunan jiragen arewa ba tare da dogon zagaye ba. Idan kuma aka fitar da reshe ya hau Filato da cikakken faɗin dogo, kuza za ta gangara Fatakwal a tarago ɗaya, ba sauke ba lodi. Tambayar da ta rage ita ce a ina reshen zai rabu da uwar layi. Jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsauri, Jos kuwa tana sama da mita 1,200 daga matakin teku. Dole a sami fili a gindin tsaunin, mai ruwa, inda za a shimfiɗa layuka da yawa gefe da gefe, daga nan a bi ta Kagoro da Manchok a hau a hankali har Kuru da Bukuru. Kafanchan ce ta dace da wannan siffa. A 1927 layukan uku suka haɗu a can: na kudu zuwa Lafiya da Makurɗi da Inugu da Fatakwal, na arewa maso yamma ta Zonkwa zuwa Kaduna, kimanin kilomita 180, da na Jos, kimanin kilomita 100. Gadar Makurɗi ba ta samu ba sai 1932, kafin nan a kan jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Ƙaramin layin Zariya kuwa ya ci gaba da jan ƙafa har aka rufe shi a 1957.

Abin lura a nan, kuma zan dawo kansa, shi ne an haifi mahaɗar Kafanchan ne don a warkar da ciwon da bambancin faɗin dogo ya jawo a Zariya.

Mutane da yawa suna ɗaukar tashar mahaɗa kamar kowace tasha ce, sai dai ta fi girma. Aikinta dabam yake. Layin Najeriya na da ɗaya ne tal, jirgin da ke zuwa da wanda ke dawowa a kan ƙarfe guda suke tafiya. Don kada su yi karo, an yanka layin gunduwa-gunduwa daga tasha zuwa tasha, kuma direba ba ya shiga gunduwar da ke gabansa sai an damƙa masa wani ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunan tashoshin biyu. Ƙarfen yana kulle cikin na'ura a ofishin shugaban tasha, ba ya fita sai takwaransa na tasha ta gaba ya amince ta waya, kuma muddin guda yana waje, wani ba zai fito ba. A ƙananan tashoshin da jirgi ba ya tsayawa, ma'aikaci kan tsaya a bakin layi riƙe da ƙarfen a jikin wata kewayayyiyar mariƙa, hannu a miƙe, na cikin kan jirgi ya jefo tsohon ya zura hannu ya fizge sabon, jirgi bai tsaya ba. A ƙaramar tasha gunduwa biyu ake lura da su, ta gaba da ta baya. A Kafanchan uku ne, kuma kowace tana kawo jirginta a lokacin da ta ga dama.

Sai kuma aikin rarraba taragai. Jirgin kaya da ya taso daga Fatakwal ba wuri ɗaya duk taragansa za su ba: wasu kwal ne na Bukuru, wasu gishiri da kananzir da siminti na Kaduna da Kano, wasu na nan garin. A farfajiyar tasha ake kwance shi, ƙaramin kan jirgi yana turawa yana ja, masu canja hanya suna danna hannun ƙarfe, har a jera kowane tarago a layin da zai bi. Haka ake yi wa na Jos mai kuza da na Kaduna mai gyaɗa da auduga da fatu, a ɗaure su wuri guda su gangara teku. A zamanin kan jirgi mai tururi akwai ƙarin hidima: a sha ruwa daga babban tanki, a loda kwal, a kwashe toka, a duba tukunya a rumfar loko inda ake gyaran kawunan jirgi, direba da mai zuba kwal su sauka su huta wasu su karɓa. Jirgin da zai hau Filato kuwa ba a ɗora masa nauyin da aka ɗora masa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, dole a rage ko a ƙara masa ƙarfi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka mutum ne ke yinsa, mutumin nan kuma yana da iyali, yana karɓar albashi ƙarshen wata, yana kashe shi a Kafanchan. Shi ya sa har yau, a tsarin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da aka kafa a 1955, Kafanchan ce hedikwatar gundumar arewa ta tsakiya, sahu ɗaya da Zariya da Inugu da Ibadan, garuruwan da suka ninka ta girma sau da yawa.

Ga fasinja kuwa, mahaɗa wurin jira ce, kuma daga jiran nan ne garin ya ci abinci. Ɗan kasuwar da ya taso daga Jos za shi Aba, ɗalibar da ta fito Kaduna za ta Bukuru, sojan da aka yi wa canjin wurin aiki, duk sai sun sauka sun jira jirgin da zai haɗa su da ɗaya layin. Idan na Fatakwal ya makara a Makurɗi, to kowa ya makara. Mai jira yana jin yunwa. Nan mai shayi ya kafa teburinsa, mai tsire ya hura wuta, mata suka jera dafaffiyar gyaɗa da rake da ƙosai da lemo a faranti, yara suna bin tagogi suna ɗaga kaya sama, ciniki na ƙarewa jirgi na motsawa, a jefo canji ta taga. Ɗan dako ya san wane tarago ne na masu kaya. Mai masauki ya san daren da jirgi biyu ke haɗuwa. A ganina nan ne asirin irin waɗannan garuruwa yake: jirgin da ya wuce da gudu ƙura kawai yake bar wa gari, wanda ya tsaya awa uku shi ke barin kuɗi.

Tashar ta ɗauki wasu hidimomin da yau ba a tuna cewa nata ne. Wasiƙa a jirgi take zuwa. Wayar tangaraho bakin layi take bi. Agogon tasha shi ne agogon gari. Reluwe tana da ɗakin shan magani na ma'aikatanta, da famfo, da filin wasa, tun kafin gwamnati ta kai irin waɗannan abubuwa ƙauyukan da ke kewaye. Ma'aikatan farko masu ilimin boko, akawu da direbobi da makanikai, yawancinsu Ibo ne da Yarabawa da sauran mutanen kudu, suka zo da coci-cocinsu da makarantunsu. Hausawa 'yan kasuwa suka zo da goro da shanu da tufafi, suka kafa unguwanni da masallatai. 'Yan ƙasa, waɗanda da yawansu ta hannun sarakuna aka tilasta musu aikin shimfiɗa layin, suka shigo da doya da acca da citta. Hausa ta zama yaren da kowa ke ciniki da shi. Wannan cakuɗa ita ce arzikin Kafanchan, ita ce kuma ta bar mata tambayar da ba a taɓa amsawa da kyau ba: gari na wa? Na mai ƙasa, na mai sarauta da ya ƙaura ya zo, ko na wanda aiki ya kawo? Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi a watan Maris na 1987, da na naɗin sarki a 1999, da na bayan zaɓen 2011 da ya cinye kasuwar garin, kowanne yana da nasa musabbabi, kuma ba reluwe ce ta hura su ba. Amma duk wanda ke son fahimtarsu sai ya koma kan yadda aka tara mutane a wurin tun farko, ya kuma lura cewa sun ƙazanta ne a shekarun da albashin da ke haɗa kowa a farfajiya ɗaya ya riga ya fara ƙafewa.

Ganiyar tashar ta zo ne da layin Borno. Tsakanin 1958 da 1964 aka ja dogo daga Kuru ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri, kilomita 640. Daga ranar, duk buhun gyaɗa da auduga da duk saniyar da ta hau jirgi a wannan sabon layi, ko Legas za ta ko Fatakwal, sai ta gangaro Kafanchan, don babu wata ƙofa. A wannan shekara ta 1964 jiragen ƙasar Najeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka fasinja sun koma miliyan 4 da ɗoriya, kaya kuma tan miliyan 1 da kaɗan.

Abubuwa da dama ne suka taru a cikin shekara goman nan. Kashe-kashen 1966 sun kori ƙwararrun ma'aikata 'yan gabas daga arewa, da yawansu ta wannan tasha suka bi zuwa gida. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ya datse reshen kudu gaba ɗaya. Kawunan dizal da aka fara shigowa da su tun tsakiyar shekarun 1950 ba sa buƙatar kwal ɗin Inugu ko tankin ruwan Kafanchan, don haka babban kayan da aka gina layin dominsa ya ragu, hidimar loko ma ta ragu. Kuzar Filato ta ja baya. Fari da cutar gyaɗa sun rushe dalar gyaɗar Kano a tsakiyar shekarun 1970. Kuɗin man fetur kuma ya tafi ga kwalta, tirela ta karɓe kaya, bas ta karɓe fasinja. Mahaɗa ta fi kowace tasha jin jiki a irin wannan yanayi, domin rayuwarta ta rataya ne a kan rassa uku lokaci guda. Ƙaramar tashar kan hanya idan jirgi ɗaya na wucewa tana da sauran numfashi. Mahaɗa kuwa da zarar reshe ɗaya ya mutu ta zama tashar kan hanya, idan biyu suka mutu ta zama ƙarshen layi.

An yi ta gwada magani. An kawo Indiyawa sun riƙe hukumar jiragen ƙasa daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan daidaita, suna tafiya aka koma gidan jiya. Gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyaran layuka a 1995. An sake ba da kwangilolin gyaran layin gabas, wato na Fatakwal zuwa Maiduguri, a zamanin Jonathan, har a farkon 2015 aka ƙaddamar da jirgin fasinja tsakanin Gombe da Kafanchan da Kaduna, bai yi nisan kwana ba. Layin da jirgi ba ya bi kuwa ba ya zama yadda aka bar shi. Ciyawa ta rufe shi, ruwan sama ya zare ƙasar da ke ƙarƙashinsa, sannan masu yankan ƙarfe su zo. A 2021 an sha kama manyan motoci maƙare da ƙarafan dogo a jihohin Kaduna da Nasarawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙarfen da jirgi ke takawa kullum, akwai leburorin layi da ke zagayarsa kullum.

A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 3. Abin da aka buɗe a 2024 shi ne Fatakwal zuwa Aba, kilomita 62, bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. Jinkirin ya dame ni, amma akwai abin da ya fi shi damuna. An tsara gyaran ne a kan tsohon faɗi, milimita 1,067. Sababbin layukan da ƙasar ke zuba kuɗi a kansu kuwa, Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, Legas zuwa Ibadan na 2021, Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi da ake kan ginawa, duk milimita 1,435 ne. Ma'ana ko da an gama layin gabas gobe, taragon da aka loda a Kafanchan ba zai hau sabon layin Kano ba. Zai iya bin tsohon layin yamma idan shi ma an raya shi, in ba haka ba sai a sauke kayan a Kaduna, a ɗora a mota zuwa Rigasa inda tashar sabon layin take, a sake lodi. Ciwon Zariya na 1914 ke nan ya dawo, sai dai wannan karon Kafanchan ce ke gefen ƙaramin layi.

Masu kare shawarar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Gyara tsohon layi ya fi gina sabo araha nesa ba kusa ba: filin na nan, gadoji na nan, lanƙwasar da aka yi don hawa Filato ta dace da ƙaramin faɗi. Afirka ta Kudu da faɗin nan na 1,067 take jan jiragen kwal da tama masu nauyin gaske, Japan ma da shi yawancin jiragenta na yau da kullum ke tafiya. Faɗin kansa ba shi ne cuta ba. Cutar ita ce ƙasa ɗaya da faɗi biyu ba tare da an tsara inda za su gaisa ba. Akwai dabarun da aka sani: a shimfiɗa ƙarfe na uku a wasu gunduwoyi don jiragen biyu su bi, ko a gina farfajiya guda inda layukan ke kwance kafaɗa da kafaɗa, ƙugiya ta ɗauki kwantena daga wannan tarago ta aza a wancan cikin mintuna. Wannan na biyun shi ne mafi sauƙi, amma yana buƙatar kaya su riƙa tafiya a kwantena, ba buhu-buhu a kan ɗan dako ba.

Kayan ma sai an tambaya: me Kafanchan za ta loda yau? Kwal da kuza sun wuce. Abin da ke akwai shi ne citta, wadda kudancin Kaduna, daga Kachiya zuwa Kwoi zuwa Kagarko, ke samar da mafi yawan ta Najeriya, kuma ƙasashen waje ake kai busasshiyarta, duk da annobar da ta cinye gonaki a 2023. Kaya ne irin wanda jirgi ke so: busasshe, mai yawa, mai tafiya mai nisa zuwa bakin teku. Akwai dankalin Filato, doyar Nasarawa da Binuwai, hatsi da shanun arewa maso gabas, sannan taki da siminti da mai a hanyar dawowa. Jirgin fasinja shi ke jan 'yan jarida ranar ƙaddamarwa, amma jirgin kaya ne ke biyan albashin masu canja hanya. Tun da gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, babu abin da ya hana Kaduna da Filato su haɗa kai a kan kilomita 280 da ke tsakanin manyan biranensu, wanda Kafanchan ke tsakiyarsa. Rassa biyu ke nan daga cikin uku. Na ukun, mai zuwa teku, yana hannun Abuja, kuma daga Aba inda gyaran ya tsaya zuwa farfajiyar Kafanchan akwai sauran fiye da kilomita 600, da Inugu da gadar Makurɗi a tsakani.